Godiya ga mutanen Jega da suka hana ni sauke giyabos

Alhamdulillahi, mun iso Yauri lafiya, an kuma ɗaura aure da mu. Na ga ya zama dole in fito fili in gode wa bayin Allah da suka tsaya mana a Jega.

Tun daga Birnin Kebbi tsohuwar Marsandina, Bi-but mai giya atomatik, ta fara wani hali. Sai ta tashi da giya ta ɗaya ta ƙi sakinta, inji na ta kuka, ba za ta canja ba sai allura ta kusa kai ja, sannan ta shiga ta biyu da fizga. Gareji na farko da muka tsaya ko bonet ba a buɗe ba aka ce giyabos ya tashi aiki, a nemo na Beljiyam. Ga iyali a mota, ga rana.

Wani mai shayi ne ya nuna mana wani dattijon bakanike a bayan tasha. Shi bai yi gaggawa ba. Ya zaro sandar awon man giya inji na aiki, ya goga a farin tsumma, ya shinshina. Man ja ne, ba ƙauri, bai kuma yi ƙasa ba. Ya ce, "Alhaji, giyar da ta ƙone ba ta ɓuya, warinta ke tona ta." Daga nan ya durƙusa ya ɗaga kafet ɗin ƙarƙashin totur, ya nuna mini wani ɗan makunni, kikdawun. Aikinsa, in ka take totur har ƙasa don wuce tirela, ya tura wuta zuwa solanoyid, wani ɗan bawul mai aiki da wuta da ke jikin giyabos, mota ta sauko giya ta samu ƙarfi. Makunnin motata yashi ya cushe shi ya maƙale a danne, shi ya sa motar take ɗauka kullum ƙafata na ƙasa. Yaronsa ya sa mita, wuta na wucewa alhali ba wanda ya taɓa totur. Suka zare filoginsa muka zaga gari, giya huɗun nan suka riƙa shiga sumul.

Baba, Allah ya saka da alheri, ya ƙara wa hannu albarka. Kuɗin da ka karɓa ko na man giya bai kai ba, kuma da ka ce a sauke giyabos wallahi da na yarda.

Ina godiya ga yaron gareji da ya wanke makunnin ya mayar, da mai shayin da ya ba yara benci a inuwa, da ƙanina da ya taso daga Koko don ko ta kwana. Baba ya ce kada in dogara da wankin, in na koma Birnin Kebbi in sa sabo.