Alhamdulillahi, ɓarayi sun lafa a birnina

Assalamu alaikum 'yan uwa masu buga Cities: Skylines, wasan kwamfuta na gina birni. Matsalar sace-sace da ta daɗe tana addabar birnin da nake ginawa ta lafa, kuma da shawarwarinku aka kai ga haka, don haka dole in zo in yi godiya.

Waɗanda suka ga hotunan da na turo sun san halin da ake ciki. Unguwar da ke bayan masana'antu kullum jajawur take a taswirar laifuka, mutane na tattara komatsansu suna barin gidaje kango. Ofisoshin 'yan sanda kuwa ga su nan birjik, sai cin kuɗin baitulmali.

Godiya ta musamman ga malaminmu na Zariya da ya ce in danna motar sintiri guda ɗaya in bi ta da ido. Tana fitowa daga ofis sai ta faɗa cikin cunkoson tirelolin masana'anta, ta tsaya cak a mararraba. Ga titin mai hannu ɗaya ne, sai ta zagaye kusan rabin gari kafin ta isa gidan da ke bayan ofishinta! Da na buɗe wa unguwar hanya ta biyu, na hana manyan motoci ratsawa ta ciki, nan da nan aikin sintiri ya fara tasiri. Malam, Allah ya ƙara basira.

Haka 'yar uwarmu da ta tuna min cewa tun fitowar After Dark, ƙarin da aka yi wa wasan a 2015, ɗakunan tsare masu laifi na ofisoshin suna cika, sai an gina gidan yari a riƙa kwashe su. Ita ce kuma ta nuna min kasafin dare daban yake da na rana, na ɗaga na dare tunda lokacin ne ɓarna ta fi yawa. Gidan yarin da tsada, amma ya biya kuɗinsa.

Sai ƙanina da ya nace a kan rashin aikin yi. Makarantu da filayen ofisoshi da ya sa na ƙara su suka fi jan lokaci kafin a ga amfaninsu, amma su suka hana jan nan dawowa.

Allah ya saka wa kowa da alheri, ya bar zumunci. Yanzu saura shara, motocin kwasarta ma a wannan mararrabar suke maƙalewa, mai dabara ya taimaka.