Kafin a buɗe wa ƙasa ƙofar maganin gwaji

Aikina a gwajin magunguna shi ne rabon kaya: in tabbatar kwalin da ya dace ya isa asibitin da ya dace, a ƙasar da dokarta ta yarda ya shiga. A wannan aiki ba a ba ƙasa izini a dunƙule. Kowane rukunin magani da ya fito daga masana'anta da lambarsa, shi ake tambaya a kansa: wannan, an yarda ya shiga ƙasa kaza? Rukuni ɗaya zai iya halatta a Ghana amma ya haramta a Najeriya, alhali gwajin ɗaya ne, maganin ma ɗaya.

A manhajar da ke raba magani, wadda muke kira IRT, kowane rukuni yana da jerin ƙasashen da aka buɗe masa. Nakan sa a gina ta yadda duk sabon rukuni zai shigo a kulle ga kowace ƙasa, sai an buɗe da hannu, kuma da sa hannun mutum biyu, ni da jami'in kula da inganci. Manhajar ba ta karanta takarda. Da zarar ta ga kayan wani asibiti sun yi ƙasa, za ta umarci ma'ajiya ta tura daga duk rukunin da ta tarar a buɗe, ko da tsakar dare ne.

Nakan fara da ƙasar da maganin zai fito, domin a nan mutane suka fi sakaci. Idan daga Amurka ne, dokarsu tana da jerin ƙasashen da za a iya aika wa maganin gwaji ba tare da neman izinin FDA, hukumar abinci da magunguna ta Amurka, ba: Ostireliya, Kanada, Isra'ila, Japan, New Zealand, Suwizalan, Afirka ta Kudu da ƙasashen Tarayyar Turai da abokan kasuwarsu ta bai ɗaya. Najeriya, Nijar, Ghana da Kamaru ba sa ciki. Don haka ko dai gwajin ya kasance ƙarƙashin rajistar gwaji da ke aiki a FDA, ko mai fitar da kayan ya aika wa hukumar takardar shaida cewa maganin bai saɓa wa dokar ƙasar da zai je ba, kuma an haɗa shi bisa ƙa'idar masana'anta. Idan daga Turai ne, sai jami'in tabbatar da inganci da suke kira QP ya sa hannu a saki rukunin, kuma nakan karanta takardarsa da kyau, don sau da yawa yakan ambaci ƙasashen da sakin ya shafa. Ƙasar da ba a rubuta ba, ba ta ciki.

A ɓangaren shiga Najeriya, ina so in ga abu uku a hannuna: amincewar kwamitin ɗa'ar bincike da ke da rajista da NHREC (kwamitin ƙasa na ɗa'ar binciken lafiya), amincewar NAFDAC ga gwajin, da izinin shigo da maganin. Na ukun daban yake da na biyun, kuma nan ake yawan tuntuɓe. Izinin shigowa yana ɗauke da sunan magani, ƙarfinsa, adadi da wa'adi. Ina lissafa adadin tun kafin a nema. A ce mutum 60 ne, kowa zai karɓi kwali sau 6, kwali 360 ke nan. In ƙara kashi 30 cikin 100 saboda lalacewa a hanya da ajiyar ko-ta-kwana a kowane asibiti, ya zama 468. Wanda ya nemi 360 cif zai tarar izininsa ya ƙare ana tsakiyar gwaji. Kowace jigila nakan cire ta daga jimillar, saboda manhajar ba ta san saura nawa ba sai an gaya mata. Masu ƙorafin cewa takardun sun yi yawa, nakan tuna musu gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara kusan 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996, da shari'ar da ta biyo baya. Hukumomin nan ba su manta ba.

Inda na fi daɗewa shi ne ranar ƙarewar wa'adi. Maganin gwaji sabo ne, bayanan tsawon lokacin da zai jure ajiya suna taruwa ne a hankali, don haka kamfani yakan tsawaita wa'adi, misali daga wata 18 zuwa 24. Wata ƙasa sanarwa kawai take so, wata kuma sai ta amince a rubuce. Ke nan rukuni ɗaya yana da rana biyu, kuma dole manhajar ta riƙe ranar kowace ƙasa daban. Ga kuma batun yanayi: Najeriya tana cikin yankin zafi da laima, inda ake gwada ajiya a digiri 30 da laima kashi 75. Bayanan da aka tara a digiri 25 don Turai ba su isa hujja ba ga maganin da zai zauna a kantar magani a Kano cikin watan Afrilu.

Daga ranar ƙarewar wa'adin nake ƙirgo baya. Idan kwali na kwana 28 ne kuma an yarda majiyyaci ya makara kwana 3, ba a miƙa masa kwalin da ya rage masa ƙasa da kwana 31. Sai in ƙara kwanakin hanya da na kwastam da na zama a kanta, in sami ranar da za a daina turawa. Wannan lamba ta kowace ƙasa ce. Wanda ya kwafi ta Jamus ya liƙa wa Chadi, kayansa za su iso ba su da sauran amfani.

Takardar jikin kwali ma tana yanke hukunci. Wadda aka buga da Turanci kaɗai ba ta zuwa Yamai ko Njamena, sai da Faransanci, kuma rubutun da hukumar ƙasar ta gani ta amince da shi, ba wanda aka gyara daga baya ba. Ɗan littafi mai harsuna da yawa yana sauƙaƙa aiki, amma kasancewar shafin ƙasa a cikinsa ba izini ba ne. A takardar kuɗin da ke bin kaya zuwa kwastam kuwa, maganin gaske da na kwaikwayo (mai kama da shi amma babu sinadarin magani a ciki) farashi ɗaya da nauyi ɗaya nake sa a rubuta musu, in ba haka ba duk wanda ya duba takardar ya san wane kwali ne wane, sirrin gwajin, wato ɓoye wa ke shan wane, ya tonu.

Magungunan da hukuma ke sa wa ido saboda masu shaye-shaye suna da nasu izini na daban, sau da yawa na kowace jigila. Kada a dogara da jerin duniya kawai. Taramol ba ya cikin jerin yarjejeniyoyin Majalisar Ɗinkin Duniya, amma Najeriya tana tsaurara masa sosai.

Ban cika son ma'ajiya ɗaya ta ciyar da ƙasashe biyu ba. A taswira, Kano zuwa Maraɗi kusa ne, amma kayan da suka shigo da izinin Najeriya na gwajin Najeriya ne. Fitar da su wani aiki ne mai nasa takardun a ɓangarori biyu. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 an rufe iyakar, ba a buɗe ta ɓangaren Najeriya ba sai a Maris 2024. Maganin da ke buƙatar digiri 2 zuwa 8 ba ya jiran siyasa, akwatin sanyi kwanaki kaɗan yake riƙewa. Shi ya sa nake tura wa kowace ƙasa kai tsaye ta jirgi, da na'urar auna zafi a kowane akwati, kuma ba na bari kaya su tashi ranar Alhamis ko gab da Sallah. Idan sun iso, asibiti ya sauke bayanan na'urar, kayan su zauna a killace har jami'in inganci ya duba, sannan in sake su a manhaja.