Matatar ruwan kifi a gidan haya: wadda na zaɓa da dalilina

Tankin kifina na gilashi ne, tsawonsa santimita 60, faɗinsa 30, tsayinsa 35, wato yana cin ruwa lita 60 da 'yan kai. Ciki da falo nake haya a Kano, a saman bene, kuma yarjejeniyarmu da mai gidan ta hana fasa bango da taɓa bututun ruwa. Wannan sharaɗi, da ɗauke wuta, da sanin cewa wata rana za a kwashe kaya a tashi, su suka yanke mini irin matatar da zan saya. Ƙarfin da aka rubuta a jikin kwali daga baya ya zo.

Mutane da yawa sun ɗauka aikin matata shi ne ruwa ya yi garau. Wannan ƙaramin aikinta ne. Kifi yana fitar da amoniya, ragowar abinci ma idan ya ruɓe amoniya yake zama, ita kuwa guba ce ko da ruwan yana ƙyalli. Masu kawar da ita wasu ƙwayoyin bakteriya ne da ke zama a jikin soson matata: wasu su mayar da amoniya naitirayit, wadda ita ma guba ce, wasu su mayar da naitirayit naitiret, wadda kifi ke jurewa har a canja ruwa. Mako 4 zuwa 6 suke ɗauka kafin su kafu a sabuwar matata, kuma ba sa rayuwa sai da iskar oksijin. Saboda haka tambayar da na riƙa yi wa kowace matata ita ce: idan wuta ta yi awa goma ba ta dawo ba, me zai samu waɗannan ƙwayoyin?

Babbar matata mai kama da garwa, wadda ake ajiyewa a ƙarƙashin tanki da tiyo biyu, ta fi kowace ƙarfi, amma a rufe take ruf. Da zarar injinta ya tsaya, iskar da ke cikin ɗan ruwan da ya rage ba ta daɗewa, ƙwayoyin su fara mutuwa, dattin ya fara wari. Wuta na dawowa da tsakar dare, sai ta tunkuɗo wannan ruwan gaba ɗaya cikin tanki. Ga kuma mahaɗar tiyo: idan ɗaya ta saki, tankin zai tsiyaye a kan tayil ya sauka silin maƙwabcin ƙasa, kuɗin gyara kuma a wuyan ɗan haya yake. Na ajiye ta gefe tun a shago.

Wadda ake ratayawa a bakin gilashi na gwada, mai jan lita 300 a awa, daidai da ƙa'idar da ake bi ta ninka ruwan tanki sau 4 ko 5. Tana tace ruwa da kyau, ba ta cin wuri. Matsalarta ita ce idan aka ɗauke wuta ruwan cikinta yakan koma tanki, musamman in ruwan tankin ya ja ƙasa da zafi, sai injin ya tashi a bushe yana gurnani har a zo a zuba mata ruwa da kofi. Ranar da ba kowa a gida, haka za ta wuni.

Abin da ya tsaya mini shi ne matatar soso, wadda masu shago ba sa ɗokin nunawa domin ita ce mafi araha. Soso ne zagayayye da bututun roba a tsakiyarsa. Injin iska yana hura kumfa ta ƙasan bututun, kumfar na tashi tana jan ruwa ta cikin soson. Babu inji a cikin ruwa, babu tiyon da ke fitar da ruwa waje. In iska ta tsaya, soson yana nan a buɗe cikin lita 60, ba a kulle cikin garwa ba, don haka ƙwayoyin sun fi jurewa nesa ba kusa ba.

Kayan da na haɗa kaɗan ne: soso biyu matsakaita, tiyon iska mita 2, marabar iska mai baki biyu, bawul mai hanya ɗaya, da injin iska mai shiga USB. Soso biyu na sa don in riƙa wanke ɗaya ina barin ɗaya. Injin USB ɗin wat ɗaya zuwa biyu yake ci, fawa banki mai 10,000 mAh yana riƙe shi ya kwana. A lura, wasu fawa bankin suna kashe kansu idan abin da aka jona ba ya jan wuta sosai, wasu kuma ba sa ba da wuta a lokacin da ake yi musu caji. A gwada kafin a biya. Batun mitar wuta kuwa ba abin faɗa da maƙwabta ba ne: ko inji mai wat 3 da ke aiki dare da rana yunit 2 da ɗoriya yake ci a wata.

Bawul ɗin nan, ɗan ƙaramin abu ne kamar murfin biro, kada a yi wasa da shi. Idan injin iska yana ƙasa da saman ruwa, wuta na ɗaukewa ruwa zai iya biyo tiyo ya gangaro cikin injin, daga nan ya bi ƙasa har soket. A sa bawul a tsakiyar tiyo, a hura da baki a tabbatar iska tana tafiya wajen tanki kawai. Ni na haɗa biyu, na sa bawul kuma na ɗora injin a kan kanta sama da tanki, da tsumma a ƙarƙashinsa don rage ƙara.

Sai ruwan da ake zubawa, wanda a ganina ya fi matatar kanta rikitarwa. Na yi niyyar sayen ƙaramar na'urar RO, mai tura ruwa da matsi ta cikin matsattsiyar rariya ta cire masa datti da ma'adinai, wadda ake ɗaurawa a bakin famfo ba tare da fasa komai ba. Lissafi ne ya hana ni. Na'urar tana son matsin ruwa kusan bar 3 (bar ma'aunin matsin ruwa ne), alhali tsayin mita 10 ne ke ba da bar 1. Tankin saman gidanmu bai fi mita 4 sama da famfona ba, wato ko rabin bar ɗaya ban samu ba, sai da ƙarin injin tura ruwa. Kuma kowace lita ɗaya mai kyau tana zubar da 3 ko 4, a garin da ake sayen ruwa jarka-jarka. Bayan haka ruwan RO ba shi da ma'adinai, kifayen da nake kiwo kuwa, su gofi da moli, ruwa mai nauyi suke so, wato mai yawan ma'adinai. Mai kiwon kifin da ke buƙatar ruwa marar nauyi ne kaɗai zai ci ribarta.

Bokitin lita 20 mai murfi ya maye gurbinta. Ruwan famfo yana iya zuwa da kulorin, wanda ke ƙona kifi ya kashe ƙwayoyin matata. In an bar shi a buɗe da dutsen kumfa a ciki, wato ɗan dutsen da ake sawa a bakin tiyon iska, kwana ɗaya zuwa biyu yana fita, amma ɗan'uwansa kuloramin ba ya fita da ajiya, shi ya sa nake ɗiga maganin kulorin bisa awon da ke jikin kwalba kowane lokaci. Ruwan burtsatse ba kulorin, sai dai yana fitowa da ƙarancin iska, wani kuma da tsatsa da ke kwantawa ja a gindin bokiti, don haka shi ma kwana yake yi. Na 'yan ga-ruwa, abin tsoronsa jarkar ce: in ta taɓa ɗaukar fetur ko kalanzir ko sabulu, babu soson da zai ceci kifin. Na sayi sababbin jarkoki biyu na kaina, su kaɗai ake cika mini.

Duk mako ina zuƙe lita 15 da tiyo daga cikin tsakuwa, domin soso ba ya ɗauke kashin da ya kwanta a ƙasa, wannan ne rauninsa na gaskiya. Bayan mako biyu in matse soso ɗaya sau uku ko huɗu a cikin ruwan da na zuƙo. Na taɓa wanke duka biyun a famfo rana ɗaya har suka yi fes, bayan kwana uku ruwan ya yi fari-fari, awon naitirayit ya tashi, kifayen suka taru a sama suna haki. Sai da na yi mako guda ina canja kashi ɗaya cikin uku kullum, na rage abinci, kafin awon ya koma sifili. Kayan awo na ɗigo sun fi na takarda daidaito. Abin nema shi ne amoniya 0, naitirayit 0, naitiret ƙasa da 40.

Akwai haɗari ɗaya da ya shafi matatar iska musamman. Injin iskar ɗaki yake zuƙa ya tura cikin ruwa, maganin sauro na fesawa da fiya-fiya kuwa suna kashe kifi da ɗan kaɗan. Kafin a fesa a kashe injin, a lulluɓe tankin da jiƙaƙƙen zani, sai an buɗe tagogi wari ya fita sannan a kunna. Da bazara kuma, daga Maris zuwa Mayu, ruwan ɗaki yana haura digiri 30, iskar da ruwa ke riƙewa tana raguwa daidai lokacin da kifi ya fi buƙatarta, sai in ƙara kumfa in ɗaga murfi. Ruwan da ya ƙafe ana cikawa, amma cikon ba ya zama canjin ruwa, tunda naitiret da ma'adinan da suka narke suna nan a ciki.

Ranar tashi daga gida, soson yana shiga leda da ruwan tanki kofi biyu da iska a sama, kifaye su shiga bokiti da injin USB yana aiki a kan fawa banki. Tankin kuwa sai an kwashe ruwa da tsakuwa kaf kafin a ɗaga shi, domin cike yana kai kilo 80, ko rabin ruwa ne girgizar hanya tana iya buɗe mannin gilashi. A sabon wuri a fara cika tanki da ruwan da aka sa wa maganin kulorin, a mayar da soson yadda yake ba wanki, a kunna iska, sannan a rage abinci na kwana uku ana duba awo.