Bawul ɗin ƙasan rijiya ba ya son gaggawa

Jiya da daddare ƙanina ya bugo min daga Makka, wai Yaya me ya sa ka ce kun kwashe awa uku kuna kallon gejin presha kawai a rijiyar mai, aikin kenan? To ga abin da na faɗa masa.

Rijiyoyin mai na cikin teku irin na Safaniya a Saudiyya, akwai bawul da ake sawa can cikin bututu, ƙasa da gindin tekun. Ɗan marfi ne mai sifirin, abin da ke riƙe shi a buɗe kuwa man haidirolik ne da muke turawa daga sama ta wani siririn bututu kwatan inci, in gobara ta tashi ko bututun ya tsinke presha ya sauka shikenan marfin ya rufe da kansa ko ba kowa a wajen. Tsofaffin da muka tarar a aiki har yau suna ba da labarin hayaƙin Kuwait na 1991, rijiya sama da 600 na ci, shi ya sa ba sa wasa da bawul ɗin nan.

Rufewa ba wuya. Buɗewar ce matsala, don marfin ƙasa yake buɗewa kuma duk ƙarfin rijiyar na danne da shi ta can, kamar ka ce za ka tura ƙofa alhazai sun cika bayanta. Marfi mai faɗin inci 4, in bambancin presha tsakanin sama da ƙasansa ya kai psi 2000 (psi ma'aunin presha ne), nauyin kusan tan 11 kenan fa. Ka matsa masa da ƙarfi ka lanƙwasa ƙarfen da ke tura shi ko ka ci bakin marfin, daga ranar ya fara yoyo.

Sai dai a daidaita. Ko mu buga dizal ko naitirojin daga sama har sama da ƙasa su zo ɗaya, ko in bawul ɗin mai daidaita kansa ne a rufe na sama a bar gas ya riƙa tsiyayowa ta wata 'yar kafa. Ni wallahi na fi natsuwa da bugawa da famfo daga sama, don gas in ya matsu ta ƙaramar kafa sanyi yake yi har ya daskare ya toshe, sai an zuba metanol.

Wani sabon yaro ya ce min yalla ya akhi, wato mu je ɗan'uwa, allurar gejin ta kusa ai. Na ce masa ɗan'uwa zauna ga shayi, sai ta tsaya cak tukunna. Minti 40 muka ƙara kafin na taɓa famfon haidirolik na buɗe bawul ɗin.