Iskar Damagaram ma tana cikin lissafi

Faya-fayan nan farare da ake gani manne a jikin dogayen ƙarafunan rezo, su ne ke miƙa kiran waya daga wannan ƙarfe zuwa wancan a inda wayar fiba ba ta kai ba. Igiyoyin rediyon da suke aikawa ta iska gajeru ne ƙwarai, su ake kira maikirowef. A gigahaz 10 (gigahaz ma'aunin saurin kaɗawar igiya ne), tsawon igiya ɗaya santimita 3 ne kacal. Kula da su ne aikina a yankin Damagaram, kuma mafi yawan abin da nake ci da shi na samo shi ne wajen wani dattijon farfesa da ya koyar da mu a Yamai, Allah ya saka masa da alheri.

Ya yi karatu a Faransa, ya dawo gida ya tarar da ɗakin gwaji da ba shi da kayan kirki, bai taɓa mai da wannan hujja ba. Yakan ba mu labarin Jagadish Chandra Bose na Kalkuta, wanda a shekarun 1890, Indiya na hannun Turawan Ingila, ya ƙera kayan aikinsa ya yi gwaji da igiyoyi masu tsawon milimita 5. Sai Malam ya raba mana taswirar lissafin daidaita waya da antan, wato faifan, wadda Phillip Smith ya fitar a 1939, ya sa mu yi lissafi da fensir da kamfas ga kwamfuta a gefe. So yake ido ya saba: in waya da antan ba su daidaita a om 50 ba (om ma'aunin turjiyar lantarki ne), wani ɓangare na ƙarfin zai juyo baya. Ɗigon ruwa ɗaya a mahaɗin waya ya isa ya jawo haka. In ma'auni ya nuna an rasa desibel 3, to rabin ƙarfin ne ya tafi.

Amma darasin da ya fi zauna mini shi ne na sararin da ke tsakanin faifai biyu. A ganin Malam, hango ɗaya ƙarfen da ido bai wadatar ba, domin igiyar tana buƙatar fili kewaye da hanyarta. A tazarar kilomita 40, a gigahaz 8, filin nan yakan kai wajen mita 19 ta kowane gefe a tsakiyar hanya, ga kuma tudun doron ƙasa da ya haura mita 20. Dutse irin na unguwar Birni ko bishiya ɗaya na iya cin rabonsu a ciki. Gawo ma ya fi ba ni aiki, tunda shi da rani yake ganye, da damina ya kaɗe. Wanda ya auna hanya a watan Agusta zai ga komai sarai, sai Janairu sigina ta fara rauni.

Kowane lokaci da nasa halin. Ruwan sama mai ƙarfi yana shanye igiyoyin da suka wuce gigahaz 10. Ƙurar hunturu, wadda kowa ke zargi, ba ta cika tare su ba. Guguwar bazara ce abar tsoro, domin faifai mai faɗin mita 1.2 faɗin igiyar da yake harbawa a gigahaz 8 bai wuce digiri 2 da ɗan wani abu ba, ƙusa ɗaya ta saki ya kauce. Da asubar lokacin ɗari kuma iska kan kwanta hawa-hawa, igiyar ta iso ta hanya biyu, ɗaya ta kashe ɗaya. Maganinsa a ƙara faifai na biyu ƴan mitoci ƙasa da na farko, na'ura ta riƙa zaɓar wanda ya fi ƙarfi.

Shi ya sa ya ɗora mana rubuta ma'auni kullum, da sa'a da yanayin gari. Yaran da ke zuwa koyon aiki wajena sukan tambaya: “Maigida, ai na'urar tana ajiye komai?” Tana ajiye lamba, amma ba ta rubuta cewa hadari ya taso daga gabas, ko gawon da ke kan hanyar Tanut ya yi ganye. Kafin yaro ya ɗaura bel ya hau ƙarfe, sai ya karanta mini abin da aka rubuta a shekarar da ta gabata, na wannan watan.