Saƙon godiya ga masu sana'ar Maraɗi da suka karɓi ƴaƴanmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

A madadin iyayen matasa masu naƙasa da suka kammala koyon sana'a a bana, ina miƙa godiyarmu ga duk wanda ya sa mana hannu, tun daga lokacin da muke bin shaguna muna neman wanda zai karɓi yaranmu har zuwa walimar da aka yi ranar Asabar, inda kowane yaro ya zo tare da maigidansa na wurin aiki.

Wanda ba shi da irin wannan ɗa a gida zai yi zaton cewa wahalar tana ƙarewa ranar da yaro ya gama makaranta. A gaskiya ranar ce take sabunta, domin kurma ko makaho ko gurgu da iyayensa suka yi shekaru suna kai shi lakwal, har ya ci jarrabawar BEPC ta kammala ƙaramar sakandare ko ya samu takardar CAP ta shaidar koyon sana'a, yakan dawo gida ya zauna yana kallon sa'o'insa suna fita nema, kuma idan zaman ya yi tsawo sai a gan shi a bakin kasuwa yana barar da aka sa shi makaranta don a raba shi da ita. Hukuma ta yi doka a kan wannan. Tun shekarar 1993 doka mai lamba 93-012 ta wajabta wa duk ma'aikatar da ke da ma'aikata 20 ko fiye ta keɓe kashi 5 cikin 100 na gurabenta ga masu naƙasa, Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙinsu a 2008, sannan aka ƙara wata doka a watan Disamba na 2019. Amma duk mazaunin Maraɗi ya san cewa yawancin aikin garin nan yana hannun teloli da masu walda da kafintoci da masu gyaran salula da mata masu tuyar ƙuli-ƙuli, waɗanda wannan ƙa'ida ba ta hau kansu ba. Saboda haka duk wanda ya buɗe mana ƙofa a cikinsu, da yardar zuciyarsa ya buɗe, kuma shi ya sa godiyarmu ta fara da su.

Muna gode wa telan nan na Sabon Gari da ya karɓi kurame, bai tsaya a kan nuni da yatsa ba, ya zauna ya koyi maganar hannu gwargwadon abin da zai ishe shi ya bayyana awo da yanka, har ya sa sauran yaran shagonsa su ma suka koya. Muna gode wa mai gyaran salula da ya sa kafinta ya rage tsayin teburinsa don keken gurgu ya shiga ƙarƙashinsa, da Hajiyar unguwar Zariya da ta ɗauki ƴan mata makafi aikin ɓarar gyaɗa da ƙulla kaya, ta kuma ware wa kowane abu wurin ajiyarsa ta hana a riƙa gusar da shi. Abin da ya fi faranta mana rai shi ne sun yi wa yaran faɗa idan sun makara, sun sa su warware ɗinkin da bai yi kyau ba, sannan da hannunsu ya faɗa suka fara biyan su ladan aiki kamar kowa. Akwai bayin Allah da muka je wurinsu suka miƙo mana jaka biyar ko goma suka ce a ba yaron ya yi haƙuri. Mun gode da niyyarsu, sai dai wurin zama a shago muka je nema.

Godiya ta musamman ga malaman kurame da makafi da suka riƙa zuwa shagunan bayan an tashi makaranta suna yi wa maigida da yaro tafinta ba tare da an biya su ko dala ba. Haka nan Sarkin Makafi da Sarkin Guragu, waɗanda suka shiga gidaje suka lallashi iyayen da ke tsoron barin ƴaƴansu mata su fita, da ƴan kabu-kabun da suka yi mana rangwame safe da yamma, har cikin damina lokacin da rairayi da ruwa suke hana keke tafiya.

Har yanzu muna da yara masu BEPC da suka iya kwamfuta, suna riƙe da katin neman aiki na ANPE, hukumar ƙasa mai kula da samar da aikin yi, ba su samu wuri ba. Muna roƙon Alhazan garin nan da masu makarantun kuɗi da masu ɗakunan shan magani su gwada su ko da na wata uku ne, malamansu kuma sun yi alkawarin raka su a makonnin farko.

Wanda ya taimaka ba mu ambace shi ba ya yafe mana. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya sa albarka a sana'o'inku, amin.