Sana'ar kai mutane kallon tsuntsayen ruwa daga Katsina

Ina da ɗan ƙaramin kamfani a birnin Katsina, aikinsa shi ne shirya wa mutane tafiya zuwa inda ruwa yake kwanciya, a sa su cikin kwale-kwale su zagaya suna kallon tsuntsaye da sauran halittun ruwa. Wanda duk ya ji haka sai ya tambaye ni ina Bakatsine ya ga kogi, kuma yana da gaskiya, domin ruwanmu na madatsu ne, irin su Zobe da Ajiwa da Jibiya, sannan matsalar tsaro ta sa ba ko'ina ake kai baƙo ba. Saboda haka yawancin aikinmu yana fadamun Haɗeja da Nguru. Mukan bi ta Daura da Gumel da Malam Madori, mu kwana a Nguru, idan gari ya waye a shiga ruwa.

Kasuwarmu ta hunturu ce. Daga watan Nuwamba zuwa Maris ne ƙananan agwagi da tsuntsaye masu dogayen ƙafafu suke sauka a fadamun bayan sun baro sanyin Turai sun ƙetare hamadar Sahara, su tarar da 'yan gida irin su kirinjijiya da ɗinya da zalɓe da jinjimi da balbela. Wannan taro ne ya sa aka saka tafkin Nguru cikin jerin wuraren dausayi masu muhimmanci a duniya a shekarar 2000, kuma shi ya kawo Yarima Philip na Ingila Dagona, wata matattarar tsuntsaye a fadamun, a 1989. Tsuntsun da mutanenmu suka fi tambaya shi ne shamuwa, sai dai a watan Janairu ba a ganinta, domin ita baƙuwar damina ce, da ruwa ya ɗauke take nufar gabashi da kudancin Afirka. Gauraka kuwa ta yi ƙaranci sosai a Nijeriya, don haka ba na yi wa kowa alkawarin ganinta.

Motar haya da masauki da tabaron hangen nesa duk abubuwa ne da kuɗi suke sayowa, amma jarin wannan sana'a na haƙiƙa shi ne mai tuƙin kwale-kwale. Masuntan da muke aiki da su a cikin ruwan nan aka haife su, sun san mashigar da ta toshe a bana da wadda ta buɗe, sun san inda kirinjijiya take kwana da lokacin da take tashi, kuma suna gane kukan tsuntsu tun kafin baƙo ya ɗaga kai. Idan muka kusa inda garke yake, sai a kashe inji a koma ga gora, a riƙa turawa a hankali, domin ƙarar inji tana tayar da dubban tsuntsaye lokaci guda, baƙo ya ga abin burgewa na minti ɗaya, sauran safiyar kuma ya yi ta kallon ruwa. Wani dattijo daga cikinsu yakan ce wa baƙi, "Alhaji, a sa waya a aljihu, a rage murya, su ma masu gida ne." Ina biyan su fiye da abin da za su samu a kamun kifi na ranar, ko da abokan sana'a suna ganin na ɓata kasuwa, saboda masuncin da ya ga amfanin tsuntsu mai rai ba zai ɗana masa tarko ba.

Babbar damuwarmu ita ce kacalla, wata doguwar ciyawar ruwa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yadda ruwa yake zuwa fadamun ya sauya, ambaliyar damina ta ragu, wasu wurare kuma ruwa ya daina janyewa da rani, sai wannan ciyawa ta samu wurin zama ta cushe mashigai. Hanyar da muka bi bara sai mu tarar da ita a rufe, dole a zagaya ko a biya matasa su sare. Manoma ma suna kuka da ita, domin a cikinta jan-baki yake fakewa ya fito ya cinye shinkafa da gero.

Ba na sassauci a kan rigar kariya daga nutsewa, ba na cika jirgi fiye da ƙima, ba ma shiga ruwa da duhu. Akwai manyan mutane da suke ganin rigar ba ta dace da babbar riga ba, irin waɗannan sai in mayar musu da kuɗinsu. Yawancin masu zuwa ɗaliban nazarin halittu ne da malamansu, sai ma'aikata da iyalansu a hutun Disamba, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 sai mun haɗa ƙungiya biyu a mota ɗaya kafin tafiya ta biya kanta.

Lokaci-lokaci akan samu masu son ganin bakin teku, sai mu haɗa su da masu jirage a Badagry ta jihar Legas. Can lissafin daban ne, domin teku yana cika yana janyewa sau biyu a kwana ɗaya, kuma sai ya janye ne tsuntsaye suke sauka kiwo a taɓon da ke gindin itatuwan ruwan gishiri, don haka jadawalin cikar teku ne yake yanke lokacin fita. Wannan tafiya tana cin kusan mako guda, kuɗinta kuma ya ninka na Nguru sau da dama, shi ya sa ba ma shirya ta sai mutane sun cika sun biya rabi tun a Katsina.